Yadda za ka haɗa 'yan unguwarku su riƙa ba da jini tun kafin a buƙata

A yawancin asibitocinmu sai mara lafiya ya kwanta ake fara neman jini. Nas ta leƙo ta ce wa dangi a samo leda biyu, sai a hau buga waya da tsakar dare. Ƙani ya yi tafiya, ɗan'uwa an gwada an ce jininsa bai kai ba, aboki ya zo amma rukuninsa daban. Kafin a samu mai bayarwa, a ɗiba, a tantance, a gwada ko zai hau da na mara lafiya, awanni sun shuɗe. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya cikawa cikin awa biyu idan ba a tare ba, kuma zubar jini shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jinin da zai riske ta da rai shi ne wanda wani da bai san ta ba ya bayar makon jiya, aka tantance, aka ajiye a firji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa tana buƙatar aƙalla leda 10 a shekara ga kowane mutum 1,000 kafin ta biya buƙatunta na yau da kullum. Ka auna da unguwarku. Idan kuna da mutum 5,000, leda 50 ne rabonku a shekara, wato mutum ashirin da za su riƙa zuwa sau biyu ko uku sun isa. Abin da za ka nema ke nan: mutane kaɗan masu dawowa. Taron yini guda da aka cika da jawabai da hotuna, sannan kowa ya watse, ba ya riƙe firjin asibiti.

Mataki na farko: ka fara bayarwa da kanka

Kada ka kira kowa tukuna. Tambayar farko da za a yi maka a majalisa ita ce, "Kai ka taɓa bayarwa?" Idan amsarka a'a ce, magana ta mutu a nan. Ka je bankin jini na babban asibitin da ke kusa da kai. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da shi. Akwai kuma cibiyoyin hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, a garuruwa irin su Abuja, Kaduna, Jos da Maiduguri. A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta ƙarin jini a Yamai, da rassa a manyan biranen jihohi. Ka ce musu ka zo bayarwa ne don Allah, ba ka da mara lafiya. Za ka ga yadda fuskarsu za ta sake, domin irinka ba su da yawa.

Ka buɗe ido ka riƙe komai, don kai za ka ba da labari. Za a ba ka takardar tambayoyi game da lafiyarka, a ɗora ka a sikeli, a auna hawan jininka, a soki ɗan yatsa a ga ko jininka ya kai, abin da ma'aikata ke kira PCV. Sannan ka kwanta, a ɗaure damtse, a goge gwiwar hannu ta ciki. Ka lura da ledar: a gabanka za a ɓare ta daga kwalinta, kuma allurar a jikinta take tun daga kamfani, da murfinta, sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Sukar allurar ce kawai ke da ɗan zafi. Za a ba ka abin matsawa a tafin hannu, kana matsawa ledar tana cika a gefen gado, cikin kamar minti goma an gama. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai kai ruwan leda ɗaya na shaguna ba, alhali babban mutum yana ɗauke da wajen lita biyar a jikinsa. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin makonni kaɗan.

Mataki na biyu: ka zauna da masu bankin jinin, ku yi maganar kuɗi a fili

Bayan ka bayar, ka nemi ganin shugaban sashen. Ka tambaye shi leda nawa za su iya karɓa a yini guda, ko suna fita unguwanni da kayan aikinsu ko sai dai a kawo musu mutane, da kuma watannin da suka fi shiga ƙunci. Wannan tambayar tana da muhimmanci saboda jini ba ya daɗewa. Ledar jini kwana 35 take yi a firji, ko 42 idan an ware jajayen ƙwayoyin an sa musu ruwan adanawa, kuma dole sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 6. Idan ka kai mutum ɗari wurin da firjinsa ba ya ɗaukar leda hamsin, ko wurin da wuta ba ta tsayawa, ka yi asarar jinin jama'a da amincewarsu a lokaci guda.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ta fi hana mutane: "Mu ba su kyauta, su kuma su sayar mana." Kada ka yi fushi da mai faɗin haka. Sau da yawa ya taɓa tsayawa a tagar biyan kuɗi ne da takarda a hannu, matarsa tana kwance, aka ce sai ya biya kafin a saki jini. Ka nemi ma'aikatan su warware maka abin da ake biya, ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta ledar saye ake yi. Kowace leda sai an tantance ta daga cututtuka huɗu, wato ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. Sai gwajin rukuni, sai gwajin dacewa da jinin mara lafiya, sai man janareta da ke riƙe da firji dare da rana. Waɗannan kuɗin aiki ne, kuma ya kamata a biya su a taga, a karɓi rasit. Shi kansa jinin, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a Najeriya ta hana cinikinsa.

Wannan bayanin gaskiya ne, amma ni ban ga ya isa ba shi kaɗai. Ka nemi wani abu a rubuce. Shin za a ba kowane mai bayarwa kati? Idan mai kati ko iyalinsa suka buƙaci jini, za a ɗauke musu sharaɗin nemo wanda zai maye? Za a riƙa sanar da ku leda nawa aka yi amfani da su, kuma a wane ɓangare, ko da ba a faɗi sunan kowa ba? Kowane asibiti da tsarinsa, don haka abin da suka amince da shi kaɗai za ka kai wa mutanenka. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kai. Ranar da ka yi alkawarin jini kyauta ga kowa, aka wayi gari aka caji mutum guda, daga ranar babu mai sake amsa kiranka.

Mataki na uku: liman da mai unguwa

Ka je wurin mai unguwa da mutum ɗaya ko biyu da ake ganin girmansu. "Ranka ya daɗe, mun zo da maganar jinin asibiti ne. Muna so a san da mu tun kafin mu fara." Wannan ya isa, abin da kake nema kada a ce wasu yara sun kawo baƙi suna ɗibar jinin mutane.

Wurin liman za ka daɗe. Ka same shi a zaure, ba a ƙofar masallaci ana sauri ba, ka ce, "Allah gafarta Malam, akwai tambayoyin da mutane ke yi mana waɗanda bakinmu bai kai mu amsa ba." Sannan ka jera masa su. Ya halatta a ba da jini? Idan miji ya ba matarsa, aure ya taɓu? Idan mace ta ba jariri, ya zama ɗanta kamar na shayarwa? A ba wanda ba Musulmi ba fa, ko a karɓa daga gare shi? Malamai sun daɗe da yin magana a kan waɗannan. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi, kuma sayar da jini bai halatta ba, bisa hadisin da ya hana cin kuɗin jini. Aya ta 32 cikin Suratul Ma'ida, wadda ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, kowane liman ya san ta. Abin da za ka roƙa shi ne ya taɓo batun a huɗuba ko a karatun bayan magariba, da bakinsa. Idan kuwa lafiyarsa da shekarunsa sun ba shi dama ya miƙa nasa hannun a gaban jama'a, rabin aikinka ya ƙare. Inda akwai coci a unguwa, ka je wurin fasto da irin wannan ladabin. A firji babu ledar da aka rubuta addinin mai ita.

Mataki na huɗu: mutum ɗaya-ɗaya

Sanarwa a lasifika tana sa a ji, amma ba ta ɗaga mutum daga benci. Abin da ke ɗaga shi a kira sunansa: "Yaya, ranar Asabar zan biyo maka mu je tare, awa ɗaya ce." Ka fara da waɗanda dama a haɗe suke, kamar 'yan ƙwallo, 'yan agaji, ƙungiyar masu Keke Napep, ɗaliban manyan makarantu, da tsofaffin 'yan aji. Ka nemi iyayen masu sikila su ma su yi magana. Ana haifar jarirai wajen 150,000 masu wannan ciwo kowace shekara a Najeriya, kuma babu wanda ya san darajar leda ɗaya kamar uwar da ta kwana a bakin gadon ɗanta yana kukan ciwon ƙashi, idanunsa sun yi fari fat.

Ka saurari tsoron mutum har ya gama kafin ka amsa. Wanda ya ce jininsa ba shi da yawa, ka ce masa ai shi ya sa ake aunawa, idan bai kai ba ko ya roƙa ba za a ɗiba ba. Wanda ke tsoron a sa masa cuta, ka ba shi labarin ledar da aka ɓare a gabanka. Akwai wanda zai ja ka gefe ya rage murya ya tambaya ko abin yana rage ƙarfin namiji. Kada ka yi dariya. Ka gaya masa ba ya ragewa, ba ya hana haihuwa, kuma ka nuna masa magidancin da ya daɗe yana bayarwa. Mai cewa ana kai jinin wurin tsafi, gardama ba ta maganinsa. Ka roƙi ma'aikata su bar shi ya leƙa firjin ya ga ledoji a jere, kowace da lamba da kwanan wata, da littafin da ake rubuta inda kowace ta tafi.

Wani zai ce shi yana ajiye nasa ne don iyalinsa. Niyyar mai kyau ce, sai dai likitoci ba su fi son haka ba. Jinin miji ga matar da take kan haihuwa yana iya sa jikinta ya ƙera abin da zai yaƙi jinin jaririn da za ta ɗauka nan gaba, kuma jinin ɗan'uwa na kusa yana da nasa haɗarin. Ga shi kuma ranar da za a buƙata ba lallai ne yana gari ba, ba lallai ne rukuninsu ya dace ba.

Tsoron da ba a faɗa shi ne na sakamakon gwaji, kuma yana da tushe. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, mafi yawansu ba su sani ba. Ke nan idan ka tara mutum arba'in, ka sa a ranka za a samu wasu. Ka tabbatar tun farko cewa ma'aikacin lafiya ne zai gaya wa mutum sakamakonsa, shi kaɗai, a ɗaki, ya kuma nuna masa inda zai je. Nau'in C ana warkewa da magani. Nau'in B ana bibiyarsa a asibiti, kuma akwai allurar rigakafi ga matarsa da 'ya'yansa. Kai da ka shirya abin ba ka da hurumin sanin sakamakon kowa. Idan mutum ya fito ba a ɗibi jininsa ba, ka yi masa godiya kamar kowa, kada ka tambaye shi dalili, kada ka bari a tambaye shi.

Daga nan wata ƙa'ida ta fito: ban da tilas, ban da kunyatarwa. Ƙwayar cuta tana iya shiga jiki ta yi kwanaki ko makonni kafin gwaji ya gan ta. Mutumin da ya san ya yi abin da zai iya jawo masa cuta kwanan nan, idan aka matsa masa a gaban abokai zai ɓoye ya bayar, jinin ya tsallake gwaji, ya shiga jikin yaro. Wannan ne ma dalilin da ya sa jinin masu sayarwa a ƙofar asibiti ya fi haɗari, domin mai neman kuɗi ba zai faɗi abin da zai hana shi samu ba. Wanda ya ce ba zai zo ba, ka ƙyale shi cikin mutunci.

Mataki na biyar: ka tace tun daga gida

Mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 65, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma yana jin daɗin jikinsa a ranar. Mai ciki, mai jego da mai shayarwa su dakata. Mai zazzaɓi, ko wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ya bari sai wani karon. Wanda aka yi wa tiyata ko ƙarin jini, ko aka yi masa ƙaho, tsaga ko sakiya kwanan nan, ko yake shan wani magani, ya faɗa wa ma'aikata su yanke hukunci. Mai sikila, wato SS, ba ya bayarwa, amma mai AS, wanda ya gaji rabin sikila kawai, yana iya bayarwa idan jininsa ya kai. Namiji sai bayan wata uku zai sake, mace sai bayan wata huɗu.

Kada a bar mata a baya. A shirya musu ɗaki daban da ma'aikaciya mace, a bi ta hannun malaman Islamiyya da uwayen ƙungiyoyi. A gaya musu tun farko cewa mata da yawa za a tarar jininsu bai kai ba saboda al'ada da haihuwa. Wannan ba abin kunya ba ne, dama ce ta sanin halin da jiki ke ciki a nemi magani.

Mataki na shida: ranar bayarwa

Ka zaɓi safiya, kafin rana ta take. Wuri mai inuwa da iska, kamar ajin makaranta ko ɗakin taro, da ruwan sha wadatacce da banɗaki. Ka raba mutane rukuni-rukuni da lokacin zuwansu, don kada mai shago ya rufe shagonsa ya zo ya yi awa uku a layi. Daren ranar ka tura saƙo: a yi barci sosai, a karya kumallo, a sha ruwa, kada a zo da yunwa.

Bayan an cire allura mutum ya danne wurin da auduga, ya zauna minti goma zuwa sha biyar, ya sha wani abu. Matasa su ne masu zabura su miƙe don a ga jarumta, kuma su ne jiri ke kayarwa. Ka sa mutum guda aikinsa kawai lura da su. Wanda ya ji jiri a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, zai warware. Ranar ban da ɗaukar kaya masu nauyi, ban da ƙwallo, ban da hawa gini, kuma ɗan acaɓa ko direba ya huta sosai kafin ya koma titi. Lemun malt da madara da aka saba haɗawa suna mayar da ruwa da ɗan ƙarfi, amma ba su ke ƙera jini ba. Abin da jiki ke nema sinadarin ƙarfe ne, kuma yana cikin hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo. A haɗa da lemun zaƙi ko gwaiba, a kuma jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin yana tauye shigar sinadarin cikin jiki. Kada a raba kuɗi. Ruwa da abin taɓawa da kuɗin mota ga wanda ya zo daga nesa sun wadatar.

Mataki na bakwai: rajista da kalanda

Da yardar kowane mutum, ka rubuta sunansa, lambar wayarsa, rukunin jininsa da ranar da ya bayar. Littafin ya zauna hannun mutum biyu amintattu, kada ya yi yawo a WhatsApp. Masu rukunin negetif, musamman O negetif wanda ake iya sa wa kusan kowa a halin gaggawa, ka ware su a shafi daban, ka kuma shawarta da bankin jini ko ya fi kyau a bar su sai an kira, tunda ba su da yawa a cikinmu. Washegari ka kira kowa ka ji yadda ya kwana. Idan asibiti suka ba ka bayanin inda jinin ya tafi, ka mayar wa jama'a: leda kaza ta je ɗakin haihuwa, kaza ta je ɗakin yara. Wannan labarin shi ke dawo da mutum karo na biyu.

Ka tsara shekara bisa lokutan ƙunci. Daga tsakiyar damina zuwa kaka zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin ƙananan yara, ɗakunan yara su cika, don haka zagaye ɗaya ya faɗo kafin watan Agusta. Ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, ta zo daidai da wannan. An zaɓe ta ne don ita ce ranar haihuwar Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunonin jini a 1901. Azumi ma lokaci ne da firji ke bushewa. Ku yi zagaye ɗaya cikin Sha'aban, sannan ku roƙi ma'aikata su zo da dare bayan tarawihi, lokacin an ci an sha, ta yadda ba a shiga saɓanin malamai kan ɗibar jini da rana ga mai azumi ba. Idan ɗalibai ne ƙashin bayan ƙungiyarku, ku tuna da hutun makaranta.

Da zarar an san kuna da rajista, kiran gaggawa zai fara shigowa, har daga mutanen da ba ku sani ba. Ku naɗa mutum guda mai amsa waya. Shi zai kira bankin jinin asibitin da aka ambata ya tabbatar akwai mara lafiyan, da rukunin da ake nema, da leda nawa. Sai ya duba littafi ya kira waɗanda wa'adinsu ya cika kaɗai, ko da wanda ya bayar wata ɗaya da ya wuce ya nace zai sake. Mai bayarwa ya wuce kai tsaye ɗakin ɗibar jini, kada ya tsaya da kowa a ƙofar asibiti, kada kuma ya karɓi komai daga dangin mara lafiya. Idan buƙata ta biya, a sanar a duk inda aka yaɗa saƙon neman jinin cewa an samu, don kada saƙon ya ci gaba da yawo mako guda ana tayar da mutane banza.